Kafin mu yi wa yara faɗa kan makin rubutu

Duk farkon shekarar karatu a nan Qatar, wato ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, malaman ajin rubutu kan aiko wa iyaye takarda ta imel ko ta manhajar makaranta. Shafi ɗaya ce ko biyu. A ciki akwai abin da za a koyar, ayyukan da yaro zai miƙa, ranakun miƙawa, da yadda za a raba maki. Iyaye da yawa a Lusail da unguwannin Doha ba sa ko buɗe ta. Sai sakamako ya fito a Disamba a tara yara a falo ana faɗa, ana lissafa riyal nawa aka zuba. A ganina faɗan nan yana zuwa a makare, kuma ba kan yaro kaɗai ya kamata ya sauka ba.

Mu da muka yi ƙaramar sakandare a Kano ko Katsina, ko kwaleji a Maraɗi, mun san yadda aka koya mana. Malam ya cika allo, mu kwafa. Insha'i kuwa bai wuce "yadda na yi hutuna" ko wasiƙa zuwa ga kawu ba, wani ma haddacewa yake yi ya juye ranar jarrabawa. Abin da ake nema wurin 'ya'yanmu a nan daban ne. A makarantun da ke bin manhajar Birtaniya, yaro ɗan shekara 11 zuwa 14, wato aji 7 zuwa 9, ana so ya iya ba da labari, ya iya bayani, ya kuma ɗauki matsaya ya kare ta da hujja daga littafin da ya karanta. Zai yi daftarin farko, malam ya yi masa gyara, ya koma ya sake. Maki yana kan ma'ana, da tsarin sakin layi, da hujja, sannan nahawu da ƙa'idojin rubutu. Kyan hannu kaɗai ba ya fid da kowa. Ga kuma Larabci da tarihin Qatar da gwamnati ta wajabta wa makarantu masu zaman kansu. Yaro yana fama da harsuna biyu, kuma babu na gidansu a ciki.

Ni nas ce, kuma aikina ne ya sa nake ɗaukar wannan aji da nauyi. A asibiti, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Idan na tashi daga dutin dare, wadda ta karɓe ni da abin da na rubuta za ta san maganin da aka bayar, ƙarfe nawa, da yadda majiyyaci ya kwana. Jimla ɗaya mai harshen damo tana iya cutar da mutum. Kuma duk nas ɗin da ta nemi aiki a waje ta san inda gizo ke saƙa a jarrabawar IELTS ko OET: ɓangaren rubutu. Har sai da hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta sassauta makin rubutu na IELTS daga 7 zuwa 6.5 a 2018. Manya ne masu digiri ke tuntuɓe a kan abin da ake koyarwa a aji 7.

To, ina muke kuskurewa? Wani uban tausayi ke sa shi zama ya rubuta wa yaro aikin. Wata uwar ta ɗauki malamin lesin, shi kuma ya yi aikin gaba ɗaya don a ga ya iya. Tun ƙarshen 2022 kuma ChatGPT ya shigo, yaro ya danna waya, cikin minti ɗaya insha'i ya fito tsaf. Duka ukun sakamakonsu ɗaya: maki ya yi kyau, kan yaro babu komai. Ranar IGCSE shi kaɗai zai zauna da biro. Idan kuma kwantiragi ya ƙare aka koma gida, WAEC na jiransa da insha'i na kalmomi 450, kuma babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

Na san aikin shifti, na san gajiya. Amma abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. A buɗe takardar malam, a kwafe ranakun miƙa aiki a manna jikin firji. Kafin yaro ya fara rubutu, a ce ya faɗi abin da yake son faɗa da Hausa. In ya kasa faɗa da baki, to bai san shi ba tukuna, Turanci ba zai cece shi ba. A tambaye shi: me kake so mai karatu ya yarda da shi? Ina hujjarka? Wa zai musa maka, kuma me za ka ce masa? Wannan ko uwar da ba ta jin Turanci sosai za ta iya. A adana daftarin farko mai jan biro, don a nan ake ganin ci gaba. Ranar ganawa da malamai a nemi abu ɗaya tak da yaro zai gyara a zangon. Sannan a ajiye littafi a gida. Magana Jari Ce na Abubakar Imam yana koya wa yaro yadda ake gina labari, kuma wannan ilimi yana bin sa zuwa kowane harshe.

'Yan uwa na gida, maganar ta shafe ku. Mun san malamin da ke da cikakken aji ba zai iya gyara insha'in kowa duk mako ba. Amma rubuta wa ɗalibai a farkon zango abin da ake nema gare su, insha'i nawa za su yi da yadda za a ba da maki, ba ya cin ko sisi. A kawo maganar a taron iyaye da malamai. Mu kuma masu tura kuɗin makarantar ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa, mu daina tsayawa ga tambayar "na nawa ka zo?" Mu ce a ɗauko mana hoton insha'i ɗaya ta WhatsApp, mu karanta, mu kira yaron mu tattauna da shi a kai.

Zango na gaba yana tafe, kuma takardar za ta sake shigowa wayoyinmu. Minti 10 sun isa a karanta ta tare da yaro, kowa ya san abin da ke kansa.