Hanya Ba Kwalta Kaɗai Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya bi manyan hanyoyinmu bayan damina ya ga abin takaici. An fasa tudu, an tara ƙasa a kwari, an shimfiɗa kwalta, an yi bikin buɗewa, sa'an nan aka bar gangaren gefen hanya tsirara, jajawur, babu ko tsinken ciyawa. Mu a ganinmu wannan rabin aiki ne da aka karɓi cikakken kuɗinsa.

Abin da ke biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ɗigon ruwa ya bugi ƙasa mara sutura ya sassauta ta, gangare ya ƙara wa ruwa gudu, 'yar siririyar kora ta zama kwazazzabo. Yashi ya toshe kwalbati, ruwa ya ci gindin kwalta, laka ta binne gonar talaka. Daga nan sai a sake ba da kwangilar gyara, mai yiwuwa ga wanda ya yi ɓarnar. Tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos ya isa ya koya mana cewa ƙasar da aka tone ba ta warkewa da wuri don kanta.

Alhali magani yana fadamunmu. Jema, wadda iyayenmu suka daɗe da sani, tana da saiwa mai nitsewa ƙasa. 'Yar'uwarta ta Indiya, wadda Bankin Duniya ya yayata tun shekarun 1980, saiwarta kan kai mita 3. Idan aka dasa jema layi-layi a gicciye da gangare, sai ta zama shinge mai tsayar da laka da rage gudun ruwa, kiri-kiri kuma ya rufe tsakanin layukan. Aikin na bukatar a ajiye ƙasar sama kafin tono a mayar da ita daga baya, a yi dashe da farkon damina, a kare wurin daga wuta da dabbobi har ciyawa ta kama.

Kada a ce mana babu kuɗi. An kafa asusun kula da muhalli na tarayya tun 1981, kuma a 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don yaƙi da zaizayar ƙasa a Nijeriya. Abin da ya hana ciyawa daraja shi ne arharta: ba ta da kason da za a raba.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da su sa dashen ciyawa cikin kowace kwangilar hanya da madatsar ruwa, kuma a riƙe wa ɗan kwangila biyan ƙarshe sai gangaren ya ga damina biyu a rufe. Ku kuma injiniyoyin gobe, hannunku ne zai sa a takardar kammala aiki. In kun tarar da gangare tsirara, ku mayar da alƙalami aljihu.