RA'AYINMU: Ba a cinikin biri a sama

Kowane ɗan kasuwa na Maradi ko Damagaram ya san cewa wanda bai san abin da ke cikin buhunsa ba, mai saye ne ke yanka masa farashi. Haka sha'anin man fetur ɗinmu yake.

Tun 1972, lokacin da Amurka ta harba tauraron ɗan Adam na Landsat na farko, kamfanonin mai ke duban ƙasa daga sama kafin su taka ta. Tauraron ba ya ganin man da ke ƙarƙashin rairayi. Abin da yake nunawa shi ne tsagewar duwatsu da lanƙwasarsu, da iyakokin manyan kwarurrukan da mai ke kwanciya a cikinsu. Da wannan ne kamfani ke zaɓen inda zai auna cikin ƙasa da na'urorin girgiza, sannan ya haƙa rijiya. A ƙasa mai murabba'in kilomita 1.267.000, wadda galibinta hamada ce, wannan sani dukiya ne.

A 2008 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a kan Agadem. A 2011 matatar SORAZ ta fara aiki da ganga 20.000 a rana. A 2024 ɗanyen manmu ya bi bututu mai kusan kilomita 2.000 har gaɓar tekun Benin. Sauran filayen da ba a gama bincikensu ba fa? Ranar da za a zauna cinikinsu, wa zai fi sanin darajarsu, mu ko baƙon?

Ba mu da hujjar rashin kuɗi. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne, haka ma na Sentinel-2 da Turai ta fara harbawa a 2015. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ta daɗe tana karanta hotunan tauraro domin ruwan sama da amfanin gona. Abin da aka iya yi wa gero, ana iya yi wa fetur.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da su ba masana duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG kayan aiki da albashin da zai riƙe su a gida. Kuma kada wani minista ya sa hannu a kan fili sai ƴan ƙasa sun fara duba shi. Yarjejeniyar mai takan ɗaure ƙasa shekaru da dama. Wanda ya sa hannu cikin duhu, jikokinmu ne za su biya bashinsa.