Allura, Zare da Zumunci: Darasi Daga Masu Ɗinka Tedi da Masu Kiwon Dabbobin Gida

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da suka ɗauki ɗinka 'yar tsana mai siffar beyar a matsayin sana'a ko abin sha'awa. Beyar dai wata dabbar dawa ce mai kauri da yawan gashi, wadda ba a samun ta a dazuzzukan Afirka a yau, 'yar tsanar da ake yi da siffarta kuwa ita ce ake kira Tedi. Masu wannan ɗinki suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli, irin wanda ake yi a birnin Landan mai suna Hugglets. Akan kuma sami masu kiwon kyanwa ko kare ko zomo a cikinsu, ta yadda hirar allura da zare takan gangara zuwa hirar dabbobi, daga nan ta kai ga tambayar lafiyar iyali.

Wanda ya hango su daga nesa yana iya cewa manya ne suka koma wasan yara. Akwai gaggawa a cikin wannan hukunci. Binciken masana na shekaru fiye da sittin ya nuna cewa abin da waɗannan mutane suke samu a tsakaninsu, wato abokin hira da mai jajantawa da mai taimako, buƙata ce ta jikin ɗan Adam kamar abinci da barci. Tedi da dabbar gida sila ce kurum. Babban alherin yana cikin mutanen da silar ta haɗa.

Asalin Tedi

A watan Nuwamba na shekarar 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fita farauta a jihar Misisifi. Da 'yan rakiyarsa suka ga bai dace da komai ba, sai suka kama wani beyar suka ɗaure a jikin itace don ya harbe. Shugaban ya ƙi, domin a ganinsa harbin ɗaurarriyar dabba ba farauta ba ne. Mai zanen barkwanci Clifford Berryman ya zana abin da ya faru a jaridar Washington Post, labarin ya bazu. Wani mai kantin alewa a unguwar Brooklyn ta birnin New York, Morris Michtom, tare da matarsa Rose, suka ɗinka ɗan beyar na yadi suka ajiye a tagar kantinsu, suka laƙaba masa sunan da jama'a ke kiran shugaban da shi, wato Tedi.

A daidai wannan lokaci, a garin Giengen na ƙasar Jamus, akwai wata mata mai suna Margarete Steiff. Cutar shan inna ta kama ta tun tana jaririya, ta yi rayuwarta duka a kan keken guragu, amma ta koyi ɗinki har ta buɗe shago ta ɗauki ma'aikata. A shekarar 1880 ta ɗinka wata ƙaramar giwa ta yadi don soke allurai, sai yara suka mayar da ita abin wasa. Ɗan ɗan'uwanta Richard Steiff ne ya zana beyar mai motsa hannuwa da ƙafafu a 1902, aka kai shi kasuwar baje koli ta Leipzig a 1903, inda wani ɗan kasuwa daga Amurka ya yi odar guda 3,000. Zuwa 1907 kamfanin yana fitar da kusan miliyan ɗaya a shekara. Ashe ke nan tun daga tushe, tarihin Tedi tarihi ne na tausayin dabba a gefe guda, da kuma naƙasasshiyar da 'yan'uwa suka tallafa mata ta tsaya da sana'arta a ɗaya gefen.

Daga shekarun 1970 aka soma samun masu ɗinka Tedi ɗaya-ɗaya da hannu, kowanne da irin fuskarsa. Aiki ne mai wuya. Yadin da aka fi so ana saƙa shi da gashin akuyar Angora, kuma gashin yana da inda ya kwanta, idan mai yanka bai lura ba sai hannu ɗaya ya fito da gashi yana kallon sama, ɗayan yana kallon ƙasa. Ana haɗa kai da hannuwa da ƙafafu da gaɓoɓi biyar masu juyawa, a dasa idanun gilashi, a yi hanci da surfani. Irin wannan ilimi a hannu ake koyon sa, daga wanda ya iya zuwa ga wanda bai iya ba. Dole sabon shiga ya tambaya, dole gwani ya nuna, kuma daga nan abota take farawa.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1958 masanin halayya Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya bayyana sakamakon gwajinsa a kan jariran birai. Ya raba su da iyayensu, ya ƙera musu uwa iri biyu: ɗaya ta waya, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle. Ko da madarar tana jikin uwar waya, jariran sukan sha su koma su maƙale a jikin ta ƙyalle, kuma wurinta suke gudu idan sun tsorata. Wannan ya tabbatar da cewa taɓa abu mai taushi yana kwantar da hankalin jariri, ba ƙoshi kaɗai ba. Kafin wannan, a 1953, likitan yara Donald Winnicott na Ingila ya yi bayanin yadda yaro kan riƙe wani ƙyalle ko 'yar tsana ya zama masa madogara lokacin da uwa ba ta kusa.

Sai dai gwajin Harlow, wanda a yau ake sukar sa saboda azabar da birai suka sha, yana da kashi na biyu da ba a cika ambata ba. Biran da suka tashi da uwar ƙyalle kaɗai sun girma ba su iya zama da 'yan'uwansu ba. Waɗanda aka bari suna wasa da tsararrakinsu, ko da na ɗan lokaci ne a kullum, sun fi su daidaita nesa ba kusa ba. Ƙyalle yana rage tsoro, amma ba ya koyar da zaman tare. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya.

Ta fuskar dabbobi kuwa, a 1980 Erika Friedmann da abokan aikinta a Amurka sun bi diddigin masu ciwon zuciya 92 bayan an sallame su daga asibiti. Cikin shekara guda, daga mutum 53 masu dabbar gida 3 ne suka rasu, daga 39 marasa dabba kuwa 11 ne suka rasu. A 2015 masana a Jami'ar Azabu ta Japan suka gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin kowannensu, kuma shi ne sinadarin da ke taka rawa wajen shaƙuwar uwa da jariri.

A wannan shekara ta 2015 Lisa Wood da abokan aikinta suka tambayi mutum kusan 2,700 a birnin Perth na Ostareliya da wasu birane uku na Amurka. Sun tarar masu dabbobi sun fi sanin maƙwabtansu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu dabbobin sun ce sun sami wani nau'in taimako, na shawara ko na lallashi ko na aiki, daga mutanen da suka sani ta dalilin dabbar. Haka zalika wani bincike da aka buga a Ingila a 2013, wanda ya ji ta bakin masu saƙa 3,545, ya nuna cewa masu saƙa a cikin ƙungiya sun fi bayyana farin ciki da yawan hulɗa da jama'a.

Daɗin daɗawa, a 2010 Julianne Holt-Lunstad ta Jami'ar Brigham Young ta tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000. Sakamakon ya nuna cewa masu ƙarfin dangantaka da jama'a sun fi marasa ita damar rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Hausawa sun ce mutum rahama ne, ga shi alƙaluma sun zo sun yi shaida.

Hujjojin masu suka

Masu suka suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Na farko, yawancin waɗannan bincike suna nuna tafiyar abu biyu tare ne, ba su tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa mai ƙoshin lafiya ne tun farko yake iya ɗawainiyar dabba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma, a bayaninta na 2013, ta yi gargaɗin kada a ɗauki dabba don neman lafiyar zuciya kawai. Wannan suka gaskiya ce, amma tana rage darajar dabbar ne a matsayin magani, ba ta taɓa darajar zumunci ba, wadda hujjojinta suka fi yawa da nauyi.

Na biyu, kuɗi sun shiga harkar. A 1994 an yi gwanjon wani tsohon Tedi na kamfanin Steiff a Landan a kan fam 110,000. Ana iya tambaya, ina amfanin wannan a duniyar da yara ke kwana da yunwa? Babu mai kare irin wannan tsada. Amma ba a auna sana'a da gwanjon attajirai. Tun daga 1990 masu aikin sa-kai na ƙungiyar Red Cross ta Ostareliya suka saƙa Tedi fiye da miliyan ɗaya don yaran da ke asibiti ko waɗanda gobara da ambaliya suka shafa. A 2003 wata mata mai suna Amy Berman ta kafa shirin Mother Bear Project a jihar Minnesota, wanda ya aika da Tedi saƙar hannu ga yaran da cutar ƙanjamau ta shafa a ƙasashen Afirka. Akwai kuma masu ɗinka Tedi da rigar mamaci don iyalinsa su riƙa tunawa, ko su ɗinka mai kama da dabbar da ta mutu su ba abokin da ke cikin jimami.

Na uku, akwai haɗarin mutum ya rufe ƙofa ya wadatu da kyanwarsa da 'yan tsanarsa, ya yanke hulɗa da mutane. Wannan shi ne halin biran uwar ƙyalle. Ƙungiya ita ce rigakafinsa, domin ita ke tilasta wa mutum ya fito, ya gaisa, a kuma nemi ba'asi ranar da ba a gan shi ba.

Darasi ga makarantu

Kuskure ne a ɗauka kaɗaici ciwon Turawa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, matasa ne suka fi kowa, kuma ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ya kai kimanin kashi 24 cikin ɗari, alhali a ƙasashe masu arziki kimanin kashi 11 ne. Ɗalibin makarantar kwana da ya baro gida karon farko yana iya zama cikin aji mai mutum sittin, amma babu wanda zai gaya wa damuwarsa.

Ba lallai sai an kwaikwayi Tedi ba. 'Yan mata a ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa 'yar tsana, samari suna ɗinkin hula suna kiwon tantabara da zomo, kyanwa kuwa tana da mutunci a gidaje. Abin koyi shi ne tsarin: aikin hannu ko dabbar da ake kula da ita, da lokaci tsayayye na haɗuwa, da al'adar gwani ya koya wa na baya ba tare da rowa ba. Yaron da ke jin nauyin cewa yana cikin damuwa ba zai ji nauyin tambayar yadda ake ƙulla zare ba, ko abin da za a yi wa tantabarar da ta daina cin abinci. Hannu yana aiki, ido yana kan allura, sai baki ya buɗe da kansa.

Saboda haka ya dace shugabannin makarantu su daina kallon darasin aikin hannu da ƙungiyar matasa manoma a matsayin cike gurbi, waɗanda ake fara sokewa da zarar jarrabawa ta ƙarato. Malamin kimiyya yana da rabo a ciki: awon yadi lissafi ne, kiwon zomo darasin halitta ne, kai dabba a yi mata allurar rigakafi da wanke hannu bayan taɓa ta kuwa darasin kiwon lafiya ne. Kayan aikin ba su da tsada, ragowar yadi daga wurin tela da allura da zare sun isa a fara. Abin da aka ɗinka ana iya kai shi ɗakin yara na asibiti mafi kusa, ɗalibai su miƙa da hannunsu. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa tana bukatar dalilin tashi, kuma samar da wannan dalili bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.