Romaniya: doka kaɗai ba ta kare majinyaci

A zamanin kwaminisancin Nicolae Ceausescu, jikin ɗan Romaniya tamkar mallakar gwamnati ne. Dokar 1966 ta haramta zubar da ciki don ƙara yawan jama'a, har ana bin mata wuraren aiki ana duba su. Dubban mata sun mutu wajen zubarwa a ɓoye.

Bayan faɗuwar mulkin a 1989, ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Oviedo a 2001, wadda ta wajabta neman yardar majinyaci kafin a taɓa shi, sannan ta kafa dokar haƙƙin majinyata a 2003.

Amma gobarar gidan rawa na Colectiv a 2015 ta tona asiri. Wasu da suka tsira daga wutar, a gadon asibiti ƙwayoyin cuta suka kashe su. Ƴan jarida ne suka gano ana sayar wa asibitoci sirkakken maganin kashe ƙwayoyin cuta, lamarin da ya tilasta wa ministan lafiya yin murabus a 2016.

Rubuta doka ba wuya. Ɗa'ar aikin likita ba ta kafuwa sai majinyaci ya daina tsoron tambaya, masu asibiti kuma sun san akwai mai bin diddiginsu.