Tsohuwar Zuma Ba Kullum Take Magani Ba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani abin takaici da ya auku a unguwarmu. Wata maƙwabciyata mai 'ya'ya 2, aurenta ya mutu a watan jiya, kuma mafarin abin gaisuwa ce kawai. Wani saurayi da ya neme ta tun tana makaranta, daga baya ya bar ta ya auri wata, shi ne ya samo lambar wayarta ya aiko mata da barka da Sallah. Ta amsa. Daga barka da Sallah aka koma ina kwana, daga ina kwana aka koma tuna baya, har ran da maigida ya ɗauki wayar. Ta rantse babu abin da ya shiga tsakaninsu, ni ma na gaskata ta, amma takarda ta riga ta fito.

To, ni a ganina in an rabu, a rabu. Ko neman aure ne ya lalace, ko auren ne ya ƙare, abin da ya fi wa mace mutunci shi ne ta yanke hulɗa da mutumin nan. Mutane sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sun manta wata zumar ƙudan ba su bar cikinta ba.

Zuciyar da aka ɓata kamar miki take, in ana sosa shi ba ya warkewa. Yaran da na koyar a firamare, waɗanda yanzu suke sakandare, sukan zo gidana da kukansu. Sai ki ga yarinya saurayi ya ce ya fasa, ta yi kuka ta haƙura, ta fara mai da hankali ga karatu, sai kwatsam ya aiko da saƙo wai yana tunaninta. Shi ke nan, mako guda ba ta san abin da malami yake faɗa ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Ƙanwata, ki sani wanda ya ƙi ki kuma ya ƙi barinki, ajiye ki ya yi, in wancan wurin bai yi ba ya dawo. Masu nemanki da gaskiya kuwa, da sun ji har yanzu kuna tare sai su janye.

Iyayenmu sukan ba mu labari cewa a zamaninsu sai an rubuta wasiƙa an ba yaro, ko an yi sallama a zaure, kowa yana gani, kunya ta hana abubuwa da yawa. Yanzu kuwa waya tana ƙarƙashin matashin kai, WhatsApp ba shi da zaure, ba shi da dare. Saboda haka tsaron ya koma hannunki ke kaɗai.

Na san wata za ta ce, ashe gaba ba haramun ba ce? Gaskiya ne, addini ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3. Amma kame kai daban, gaba daban. In kun gamu a hanya ya yi sallama ki amsa ki wuce. In an yi masa rasuwa, 'yan gidanku su je ta'aziyya. Kada ki zage shi, kada ki tona asirinsa a gidan biki. Hira da tuna baya su ne na ce a bari.

Sai dai akwai wurare biyu da ya kamata matan aure su lura. Na farko idda. In saki ɗaya ne ko biyu, igiya ba ta tsinke ba tukuna, ci da sha da wurin kwana suna kansa, kuma yana da ikon mai da ke kafin ki yi tsarki 3, ko wata 3 ga wadda ba ta jini, ko haihuwa ga mai ciki. Wannan lokacin sulhu ne, kada fushi ya sa ki toshe ƙofa. Amma da idda ta cika, ya zama kamar kowane namiji a gari. In yana son kome, ya san gidan waliyyinki, ya zo da sabon sadaki da shaidu.

Na biyu 'ya'ya. Ciyar da su da tufatar da su wajibin uba ne, kuma ba daidai ba ne ki raba su da shi. Amma maganar kuɗin makaranta da na magani a bi da ita ta hannun wanki ko kawunki, ko kuwa a taƙaita ta a kan yaran kaɗai. Kada kuma a mai da yaro ɗan kai gulma tsakanin gida biyu.

Abin yi ba shi da wuya, sai dai yana son ƙarfin hali. Kayan da aka kawo na neman aure, manya su mayar ta hanyar da suka zo. Ki goge lambarsa da hotunansa, in ya ci gaba da kira ki toshe shi. Ki daina tambayar ƙawaye labarinsa. In kina gidan miji ya dame ki, ki faɗa wa maigida ko iyayenki tun da wuri, domin gara su ji daga bakinki da su tsinta a waya.

Kwanakin farko za ki ji zafi, ba na musu. Amma yau da gobe sai ki wayi gari ko sunansa bai faɗo miki a rai ba. Allah Ya tsare mana mutuncinmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.