A Wanke Taru Kafin A Ci Tuwo

Sa'ad da ruwa ya fara janyewa daga fadamu, da yawa cikin 'yan ƙungiyoyinmu sukan ajiye fartanya su ɗauki taru da birgi. Waɗansu suna su a Binuwai da Gongola, waɗansu a tafkin Kainji da na Tiga, waɗansu kuwa sun haƙa kududdufin tarwaɗa a bayan gida. Wannan abin murna ne, gama kifi yana kawo kuɗi ba tare da an taɓa rumbu ba. Amma akwai abin da ya dame mu. In mun shiga ɗakin ajiyar kayan ƙungiya, ƙarni ne yakan fara yi mana maraba. Ga taru a dunƙule a lungu da danshinsa, ga daro da busasshen jini, ga rigunan ruwa duk sun yi fumfuna.

In mun yi magana sai a ce mana, "Ai masunci da ƙarni ba su rabuwa." Mu dai ba mu yarda ba. Kifin da aka ciro daga ruwa yanzu ba ya ɗoyi. Abin da ke ɗoyi shi ne yauƙi da jini da ƙamɓorin da suka kwana a jikin kaya, ƙwayoyin cuta suka samu abinci suka yi ta hayayyafa cikin zafi. Watau ƙarnin nan da muka saba da shi, ruɓa ce ta jiya. Wanda ya zuba kifin yau a kwandon jiya, ko a gindin kwale-kwale inda ruwan datti ya kwanta, ya ba kifinsa irin ruɓa tun bai kai gaɓa ba. Kafin ya isa kasuwa ciki ya yi laushi, ido ya dushe, mai saye ya sunsuna ya rage kuɗi. Ko an yi bandarsa, wuta ba ta mai da ruɓaɓɓen kifi lafiyayye.

Hasara ta biyu tana kan kayan. A dā taru na zaren auduga ne, danshi yana ruɓar da shi, saboda haka ana baza shi a rana. Tun wajen shekarun 1960 zaren nailan ya cika ruwayenmu, amma mun riƙe tsohuwar al'ada. Nailan ba ya ruɓa kamar auduga, rana ce abokiyar gabarsa. Tarun da ya yini yana shan rana a kan yashi kullum, zarensa yakan raunana ya riƙa tsinkewa. Wanda aka ajiye da ragowar kifi kuma, ɓera yakan bi ƙarni ya ɓarnata shi cikin dare ɗaya.

Ta uku ta fi shafar masu kududdufi. Ƙungiya takan sayi taru ɗaya, yau a ja shi a kududdufin wane, gobe a na wane. In kifin ɗaya yana da cuta, jiƙaƙƙen taru ne zai raba ta gida gida. Haka kuma yakan ɗauko 'ya'yan ciyawar ruwa da ƙananan dodon koɗi daga wannan ruwa zuwa wancan, alhali irin waɗannan dodon koɗi ne ke renon tsargiya.

To, me za mu yi? Ba abu ne mai tsada ba.

1. A wanke kaya ran da aka yi su, tun yauƙi bai bushe ba. A cire ciyawa da ƙamɓori, a ɗauraye taru da ruwa mai tsabta, a rataye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a naɗe shi, kada kuma a kai shi wani kududdufi, sai ya bushe sarai.

2. A kwarfe ruwan gindin kwale-kwale, a goge katako da yashi da toka, a ɗauraye. Kifi a sa shi a kwando a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu mai tsabta, nesa da tankin inji, gama kifi yana ɗaukar warin fetur.

3. Tabon jini a riga, ruwan sanyi ne maganinsa. Ruwan zafi yana dafa jinin ya kama zare, ba ya fita kuma. A jiƙa rigar a ruwan sanyi tukuna, sa'an nan a sa sabulu.

4. In ƙarni ya ƙi fita daga tufafi ko hannu, a matsa lemun tsami a ruwan ɗauraya. Tsami yana karya warin kifi. Turare kuwa rufe shi kawai yake yi.

5. Daro da bokitin roba ana iya wanke su da ruwan bilic kaɗan, bisa ga abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sa'an nan a ɗauraye sosai. Kada a sa wa taru bilic, yana cin nailan. Kada kuma a taɓa haɗa shi da lemun tsami, gama yana ta da iska mai guba.

6. Rigar ruwa da takalmin roba, a wanke ciki da waje, a juya rigar, a kife takalmin a kan sanda a inuwa. Kananzir da fetur suna lalata roba. Maganin ƙwari na gona kuma kada ya kusanci kayan da kifi zai taɓa.

Mata da yara ne sukan yi yawancin wankin nan, su daɗe tsaye cikin ruwan gaɓa inda ake kamuwa da tsargiya. Gara a yi wanki da ruwan rijiya. In na kogi ne, a ɗebo a ajiye a randa kwana 2, tsutsar tsargiya ba ta rayuwa fiye da haka in ba ta shiga jikin mutum ba.

Wani zai ce wanda ya kwana a ruwa ba shi da sauran ƙarfin wanki. Gaskiya ne gajiya tana da yawa, amma aikin bai kai rabin sa'a ba in an haɗa hannu. A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Norway, akwai masu kama kifi cikin ɗan siririn jirgi na mutum ɗaya da suke kira kayak, suna sa wata riga mai rufe jiki duka wadda ruwa ba ya shiga. Da sun sauka sukan ɗauraye ta, su shanya ciki da waje a inuwa, domin in robar wuya da ta hannu ta tsage, ruwan sanyi yana iya kashe mutum. Su ransu suke tsarewa. Mu kuwa jarinmu ne, da bashin da ƙungiya ta ci ta sayi tarun.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin taronta na gaba. A kafa rumfar shanya kusa da ɗakin ajiya. A ware ɗan kuɗin sabulu daga cinikin kowane jan taru. A naɗa mutum ɗaya mai karɓar kaya, a kuma ba shi ikon mai da duk tarun da aka kawo da danshi ko ƙarni, ko na shugaba ne. Kayan kowa da kowa, in ba a ɗora wa wani kulawarsa ba, ba ya ganin damina biyu. In mun sauka daga ruwa, taru tukuna, sa'an nan tuwo.