Yawon Buɗe Ido Cikin Ayari: A Gama Ciniki Tun Daga Gida



Tun da muka dawo daga ƙasar Masar a watan Nuwamba na 2024, da wuya in shiga kara a Maraɗi ba tare da wani ya ja ni gefe ya ce, “Alhaji, wai tafiyar nan da kamfani ke shiryawa ta biya kuɗinta kuwa?” To amsar ba ta yiwuwa a tsaye a gindin mota ana lodi, shi ya sa na roƙi fili a wannan takarda tamu in faɗi ra'ayina kowa ya ji. Ra'ayin nawa kuwa shi ne: wanda Allah Ya hore wa ya je, ya je da abokansa, ya kuma yarda a ja shi, amma kada ya kuskura ya sayi kifi a ruwa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kamfani ne zai karɓi kuɗinku a dunƙule, shi zai nemi biza, ya yanki tikitin jirgi, ya kama ɗaki a otal, ya tanadi motar yawo da karin kumallo, sannan ya haɗa ku da ɗan jagora wanda zai riƙa zagayawa da ku. Mu shida muka tafi, kwana bakwai, kowannenmu ya zuba kwatankwacin kuɗin bijimai uku.

Wasu na ganin kamar raini ne a ce mutumin da ya saba ƙetare iyaka da garke, ya san bakin ɗan duwan da na jandarma, shi ne za a sa a gaba ana nuna masa hanya kamar yaro. Ni ban ga raini a nan ba, domin kuwa wannan tsari namu ne tun iyaye da kakanni. In ka kai shanu Legas ko Kumasi ko Abijan, wurin wa kake sauka? Wurin maigida. Shi ne masaukinka, shi ne bakinka, shi ya san mahaucin da ake ba bashi da wanda ba a ba. Ba wanda ya taɓa cewa ya zubar da girmansa don ya sauka a hannun maigida. To ɗan jagora maigida ne na kwana bakwai, ba wani abu ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Kuma gaskiya mun ga amfaninsa. Alƙahira ba garin da baƙo zai faɗa da ka ba ne. Ni da nake tinƙaho da Larabcin Islamiyya, ranar farko na yi wa wani mai shayi magana ya tsaya yana kallona yana murmushi, ya ce ina magana kamar liman a kan mumbari. Su raƙumi ma “gamal” suke ce masa, ba “jamal” ba. Da ba don ɗan jagoran nan ba, da rabin kwanakinmu a cunkoson mota da gardama da ƴan tasi za su ƙare. Ya kai mu dalolin Fir'auna a Giza, waɗanda suka kai shekara 4,500 a tsaye. Ya kai mu masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar wajen shekarar 642, da masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, da kushewar Imamu Shafi'i. Gani ya kori ji.

Amma fa inda duk akwai maigida akwai la'ada, wannan kuma mu bai kamata a koya mana ba. Kusan kullum kafin a mai da mu otal sai motar ta tsaya a wani kanti, yau na turare, gobe na takardar ganye mai zane, jibi na darduma. A ba ku shayi kyauta, a rufe ƙofa, a yi ta zuba muku bayani. Tun tsayawa ta biyu na gane inda aka dosa, na ce masa, “Malam, nawa ne naka a ciki?” Ya yi dariya, bai musa ba. Ban ga laifinsa ba, dillali da la'ada yake cin tuwo. Laifin namu ne da muka biya kuɗin awa muka bari aka sayar da awar tamu ga mai kanti. Irin turaren da wani cikinmu ya saya a can, mun tarar da shi a kasuwar Khan Halili da sauƙi nesa ba kusa ba bayan an yi tayi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Akwai kasuwar raƙuma a wani gari da ake kira Birƙash, kimanin kilomita 35 daga Alƙahira, wadda ta fi cika ranar Juma'a da sassafe. Ba ta cikin takardar da kamfani ya tsara mana, mu kuma ba wanda ya karanta takardar da kyau kafin mu tashi. An sa mana yawon jirgin ruwa a Kogin Nilu a wannan safiyar. Ni da wani ƙanenmu muka ce ba zai yiwu mai sana'ar dabba ya zo har Masar ya koma bai leƙa kara ba. Sauran huɗun suka ce an riga an biya kuɗin jirgin ruwa, kuma tare aka zo tare za a yi komai. Ɗan jagora ya ce shi ba ya fita daga abin da aka rubuta masa. Muka bar su, muka ɗauki shatar mota bayan Asuba.

Ban yi nadamar zuwan ba. Na ga raƙuma iyakar ganin ido, akasarinsu daga Sudan, waɗanda ake bi da su ta kudancin Masar wajen Aswan kafin a loda su a mota zuwa arewa. Kowane an naɗe masa ƙafar gaba ɗaya an ɗaure don kada ya gudu, an kuma yi masa shaida da fenti a jiki. Yawanci mahauta ke saye don yanka. Dillalinsu “simsar” suke ce masa, kuma ko ba ka jin yaren, da ka ga yadda yake riƙe hannun mai saye yana jijjigawa ka san an kusa sallamawa. A hanya na ga yadda manomi mai ɗan ƙaramin fili yake noma ciyawar da suke kira “barsim” musamman don dabba, ya yanko ya kawo wa ɓaunarsa ta gida a turke. Mu da kullum kukanmu burtali ya toshe, makiyaya ta ƙare, wannan abin dubawa ne. Muka dawo muka samu Juma'a a Azhar.

Sai dai kuɗin da na biya ya wuce na mota. Da ma mun haɗa asusu ɗaya a hannun babbanmu don abincin rana da na dare da ɗan ihsanin da suke kira “bakshish”, wanda a can ba ya ƙarewa. Daga cikin asusun nan muka ɗauki kuɗin shatar, a ganinmu ai da namu a ciki. Da dare sai magana ta tashi. Abokin cinikina na shekara ashirin da biyu, wanda muke haɗa tirela ɗaya zuwa Kurmi, ya dube ni ya ce, “Alhaji, ka raba ayari, kuma ka ci kuɗin jama'a.” Ni ma na mayar masa da wadda ba ta kamata ba. Wata biyu bayan dawowarmu ba ma gaisawa, sai da na yi lodi biyu da baƙon mutum, kafin dattawan kara su zaunar da mu su sasanta. Kuɗin da aka yi faɗa a kai bai kai na tunkiya ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk ayarin da ke shirin irin wannan tafiya, ko Masar ce ko wata ƙasa.

Na farko, ku duba takardar kamfani kamar yadda kuke duba haƙorin sa. Wanda ya iya karatu ya karanta a gaban kowa, kwana bayan kwana. Me ke ciki, me ba ya ciki? Abinci sau nawa? Kuɗin shiga wurare a wuyan wa? Mutum nawa a ɗaki? In biza ba ta fito ba, nawa za a mayar? Abin da aka faɗa da baki a sa a rubuce.

Na biyu, ku shida kun isa ku yi tayi. Ku ce a cire kanti a sa kasuwar dabbobi, ku ce a bar muku yini guda wanda kowa zai yi abin da ya ga dama. Kafin ku biya kuna da baki, bayan kun biya kuwa sai yadda aka yi da ku.

Na uku, asusun haɗaka a faɗi iyakarsa tun a gida, mai riƙewa ya riƙa rubutawa, a karanta kowane dare. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, ba kuwa don an ɗauki mutane maƙaryata ba. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

Na huɗu, ku tambaya da wane kuɗi aka yi lissafi. Sefarmu a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655 da ɗan ɗoriya, amma ba a ɗaure take da Dalar Amurka ba, balle ƴan'uwanmu masu Naira. Kada kuma a manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa.

Na biyar, kada a taɓa uwar kuɗi, kuma kada a tafi ana gab da kasuwar Layya.

Akwai dattawanmu da ke cewa wannan duk almubazzaranci ne, gara mutum ya ƙara Umra. Maganarsu abin girmamawa ce, kuma wanda bai sauke farali ba ni ma ba zan ce ya fara da kallon dala ba. Amma wanda ya sauke, ya fitar da zakkarsa, ba bashin kowa a kansa, ban ga aibu ba don ya je ya ga yadda wasu bayin Allah suke kiwo da ciniki. Mun shafe rayuwarmu muna tafiya, amma daga kara sai masauki, daga masauki sai tasha.

Abokin nawa da muka ɓata, shi ne yanzu yake cewa mu sake haɗa wata tafiyar. Na ce masa na yarda, amma wannan karon da littafi da biro za mu fara.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a dukiya, Ya bar zumunci. Wassalam.